Jinyar damuwa ta waya a lokacin kullen Kaduna

Da gwamnatin Nasir El-Rufai ta kafa dokar hana fita a ƙarshen Maris na 2020 saboda annobar korona, mu da ke zama da masu fama da damuwa sai muka mayar da aikin kan waya. Tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya muke bi, mai zama biyar, mako-mako, inda ake koyar da jan numfashi a hankali, da warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya, da komawa kan harkokin yau da kullum. Koyar da waɗannan ta waya bai ba ni wuya ba.

Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne, waɗanda suka tsara mana aikin sun ɗauka kowace mace tana da wayar kanta da ɗakin da za ta keɓe. Akwai wata baiwar Allah a Rigasa wadda duk kiran da na yi mata amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau, Anti, alhamdu lillahi." Takardar da muke cikewa kuwa ta nuna sauƙi ya samu. Sai ran nan ta yi mini filashin da wayar maƙwabciyarta, na kira, ta fashe da kuka, ta ce wayar da na saba kiranta a kai ta maigida ce, a hannunsa take yana buɗe murya kowa na ji, uwar miji kuma tana zaune a bakin ƙofa. Ashe barci ya ƙaurace mata tun da kasuwa ta tsaya, har ta fara jin mutuwa ta fi mata. Makonni muka ɓata muna gaisuwa, alhali tana bakin halaka. Da ƙyar aka shawo kan maigidan ta hannun yayarsa, aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma Allah ya sa an dace.

Daga nan na sauya komai. Ba na fara zama sai na tambaya, "Ke kaɗai ce?", kuma na tsara tambayoyina yadda "e" ko "a'a" za ta wadatar idan da kunne a kusa. Mace ce ke zaɓen lokaci, galibi bayan azahar ko sa'ad da maza suka tafi masallaci bayan an sassauta dokar, kuma idan ta ce "tukunya na kan wuta" na san wani ya shigo, sai mu koma hirar yara. Kiran bidiyo da aka yi ta kwaɗaita mana kuwa na ajiye shi, domin kuɗin data ya fi ƙarfin gidan da abinci ke gagara.

Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da aka nemi mu tallafa wa iyalan waɗanda aka sace, na ƙi karɓar aikin sai da aka ware kuɗin kati, aka kuma yarda cewa ba za a rubuta wa kowa "ya samu sauƙi" ba sai an tabbatar shi kaɗai yake lokacin da ya faɗi hakan.