Abin da karatun tarihin Muhammadu Bello ya koya mini

Mu ɗaliban tarihi mun saba da jimlar nan da ake yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kirari da ita, wai takobi a hannu ɗaya, alƙalami a ɗayan. Jimla ce mai daɗin faɗa a gaban malami, amma da na zauna da rubuce-rubucensa lokacin da nake haɗa kundin kammala karatu, sai na ga ba ta bayyana komai. Bello bai raba rayuwarsa gida biyu ba. Rubutun ma aikin yaƙin ne, kuma duk wanda zai karanta shi sai ya riƙe wannan a ransa.

An haife shi a 1781. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a farkon 1804, a shekarar kuma aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, ƙarƙashin jagorancin baffansa Abdullahi. Shi Bello ne ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ya kafa Sakkwato a 1809, a 1812 kuma ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da yawancin abin da muka sani game da shekarun farko na jihadi daga cikinsa ya fito. Wato dai wanda ya yi yaƙin shi ne ya ba mu labarinsa, ƙura ba ta gama lafawa ba.

Darasin farko da na ɗauka a nan shi ne daraja kwamandan da bai ɓoye ranar da aka ci shi ba. A ƙarshen 1804 Gobirawa da Abzinawa sun faɗa wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifin Bello, a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, aka kashe kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa, daf da Gwandu. Waɗannan ba daga bakin abokan gaba muka ji su ba, daga rubutun su Bello ne. Haka ma yunwa. Wanda ya bi tafiyar jama'ar daga Gudu zuwa Zamfara zuwa Gwandu zai lura cewa sau da yawa neman hatsi da kiwo ne ke yanke inda za a dosa, ba dabarar wani jarumi ba. Kafin wannan karatu, yaƙi a kaina dawaki ne da sulke. Bayansa sai na fara tambayar kowane labarin yaƙi: me rundunar ke ci, wa ya noma shi, da yardarsa aka karɓa ko da ƙarfi?

Inda na fi daɗewa shi ne wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno. Al-Kanemi ya rubuto yana cewa abin da ake zargin mutanen Borno da shi, kamar cin hanci da zalunci da yawon mata ba lulluɓi, saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, don haka da wace hujja ake yaƙarsu? Hujja ce mai nauyi, daga malamin da shi ma yake jan runduna. Bello ya amsa cewa asalin rikicin shi ne taimakon da Borno ta ba sarakunan Hausa a kan jama'a. Mutum yana iya gamsuwa da amsar ko ya ƙi. Abin da ya tsaya mini shi ne Bello ya kwafe maganar abokin hamayyarsa ya sa a cikin littafinsa, inda jikoki za su gani. Yau da muke jayayya a rubuce, nawa ne cikinmu ke kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta kafin ya rusa ta? Galibi mukan rage mata tsawo ne tukuna.

Sai dai kada yabo ya rufe ido. Malaminmu na tarihi yakan ce mai shari'a da kansa ba ya faɗuwa, kuma Infaƙ hujja ce ta wanda ya yi nasara. Yunfa bai bar mana littafi ba. Abin da Gobirawa da Katsinawan da suka koma Tsibiri da Maraɗi suke faɗa ya zo ne ta bakin maroƙa da dattawa, kuma hotonsa daban ne. Ko a cikin gida ba murya ɗaya ba ce, tunda Abdullahi ya bar rundunar a wajajen 1807 ya nufi gabas don takaicin yadda son ganima da mulki suka shiga zukata, sai a Kano aka tsayar da shi.

Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, alƙalamin Bello ya juya ga abin da ke biyo bayan nasara. Ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina Usulus Siyasa kan yadda ake riƙe jama'a, ya yi rubutu kan magani, ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno don tsare iyaka da zaunar da makiyaya wuri ɗaya. Baturen nan Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, ya tarar da sarkin da ke yi masa tambayoyi kan rarrabuwar mazhabobin Kiristanci, kuma cikin tsarabar da ya kawo masa har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Duk da haka yaƙin bai sake shi ba: a 1836 yana fagen daga a Gawakuke, a 1837 ya rasu a Wurno.

Rubutunsa da ya fi ba ni wahala shi ne Sardul Kalami, kan rikicinsa da Abdussalami. Wannan mutum almajirin Shehu ne tun kafin hijira, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar jihadi. Shi ne kuma ya yi tawaye daga Kware da Bello ya hau mulki, aka yaƙe shi, ya mutu a 1818 da raunin da ya samu. A nan ma Bello ya kawo wasiƙunsa, har da ƙorafinsa kan rabon ƙasa da yadda aka bar tafarkin farko. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma ta hannun wanda ya murƙushe shi kaɗai ya iso gare mu. A kundina na ba wannan babin shafuka fiye da na Alƙalawa, mai duba aikin ya ce in rage, na roƙe shi ya bar mini su.