Yadda muka huda rufin kicin

Kicin ɗinmu a ƙuryar gida yake, a nan Kano. Tagarsa ɗaya ce tal, kuma tun da maƙwabcinmu ya tada bene ta zama ado: kina buɗe ta, bango za ki gani. Da rana tsaka sai na kunna fitilar waya kafin in tsince wake. Ranar suyar kifi kuwa, hayaƙi ya taru a sama ya rasa hanyar fita, har silin ya yi baƙi ƙirin.

Da farko maigidana ya ce a cire fallen kwano ɗaya a sa na roba mai haske, irin na rumfunan kasuwa. Yana da araha, amma ba ya buɗuwa, ni kuwa hayaƙin ya fi damu na a kan duhun. Ga shi na ga na gidan yayata, bai daɗe ba ya koma ruwan ɗorawa ya fara tsagewa. Sai muka tsaya a kan tagar rufi mai buɗuwa. Akwai na kamfani irin Velux na ƙasar Denmark, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunmu. Mai aikin alminiyam ne ya haɗa mana firam, ya sa masa robar folikabonet fara mai hazo-hazo, wadda fuskarta ɗaya ke da kariya daga rana. Wannan fuskar ita ce ke kallon sama. In aka kife ta, an yi asarar kuɗi.

A kan girma muka fi yin gardama. Kicin ɗin mita 3 ne a kan 3, ni kuma na dage sai an buɗe mita guda cur. Kafintan, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce, "Hajiya, haske kike nema ko gashi?" Gaskiyarsa. Shawarar da ake ba mutanen Turai ita ce a sa tagar a rufin da ke fuskantar arewa don kauce wa zafi, amma mu Kano digiri 12 kacal muke arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa. A ƙarshen Afrilu rana a tsakiyar ka take, daga nan har wajen ƙarshen Agusta ma arewa take karkata. Babu ɓangaren da za a ɓuya. Muka sauko zuwa santimita 60 a kan 60, wato kashi 4 cikin 100 na faɗin ɗakin, kuma ya wadatar.

Kafintan ne kuma ya hana a sa ta a rufin gabas, don hadarinmu daga can yake tasowa da iska. Aka sa ta a na yamma, ƙyaurenta na buɗuwa ta gefen gangare.

A watan Maris aka yi aikin, kwana biyu. An yanka silin tsakanin katako biyu na rufi, ba a taɓa ko ɗaya ba, bayan mai gyaran wuta ya kauda wata waya da ta ratsa wurin. Aka ɗaga akwatin katako santimita 15 sama da kwano don tagar ta zauna a kai. Daga rufi zuwa silin aka yi maƙogwaro da falankin filawud, ƙasansa ya fi samansa faɗi, aka shafe shi da farin fenti. Ban ɗauki fentin nan da muhimmanci ba sai da na ga yadda hasken ya bazu har ƙarƙashin kanta. Aka sa raga saboda sauro da ƙadangaru.

Na yi ta murna har ruwan farko mai ƙarfi a watan Yuni. Da asuba na tarar da buhun garin masara ya jiƙe, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis daga kusurwar sama. Ashe ranar ƙarshe dattijon ya tafi jana'iza, yaronsa ya ƙarasa. Fallen da ke tare ruwa a saman tagar, maimakon ya cusa bakinsa ƙarƙashin kwanon da ke sama, sai ya ɗora shi a kai ya lafta silikon, wato gam ɗin toshe kafar ruwa. Zafin bazara ya busar da silikon ɗin ya ɓamɓare, ruwan da ke gangarowa ya samu ƙofa. Ni ma da laifina, na ga abin ya yi kyau daga ƙasa ban tambaya ba. Da dattijon ya dawo bai yi faɗa ba. Ya kwance kusoshi, ya ɗaga kwanon sama, ya zura fallen a ƙarƙashinsa, ya mayar da kusoshin a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba. Sannan ya sa yaron ya hau da bokiti uku ya kwarara muna kallo daga ciki. Da an yi wannan gwajin tun a Maris, da garina ya tsira.

Hunturu ya zo da nasa. Ƙura ta kwanta a kai har hasken ya dusashe, kuma ba a goge robar a bushe, ƙarcewa take yi. Ruwa da tsumma mai laushi ake sa mata. Yanzu da sanda mai ƙugiya nake tura ta kafin in ɗora tukunya, hayaƙin ya miƙe ya fice. Abin da har yau ban iya ba shi ne tunawa in rufe ta kafin in fita unguwa da damina. Sau biyu ke nan ina kiran 'yata daga gidan biki: "Maza ki ja tagar kicin, gabas ta yi baƙi."