Randar da Na Ajiye a Ƙofar Gida

A unguwarmu ta cikin birni, can gindin Dutsen Dala, akwai wata tsohuwa da duk yaran layi muke kira Iya, alhali ba ta haifi ko ɗaya daga cikinmu ba. A zaurenta akwai wata randa da aka kafa gindinta cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, an kifa moɗar duma a kai. Ban taɓa leƙa randar nan na tarar da ita a bushe ba.

Da yammacin Alhamis, tunda babu makarantar allo, nan muke baje kolinmu. Wasu na tuƙa gare-gare, wasu sun duƙufa kan motar kara, mata na gefe suna carafke da 'yan duwatsu. Amma sarkin wasanni langa ce. Ka kama ƙafarka ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar, kuna ture juna da kafaɗa, ku kuna ƙoƙarin kare wanda kuka naɗa ruwa har ya kai ga sha, su kuma suna neman kayar da shi. In an tashi, ƙura har cikin kunne, maƙogwaro ya bushe ƙamas, sai mu yi rububi zuwa zauren Iya. Daga cikin gida za ka ji muryarta: "Ku rufe mini randa in kun gama, 'yan nema!" Iyakar faɗanta ke nan. Na sha ruwan firji iri-iri daga baya, na sha na roba mai tsada a wajen taro, amma har yau ban sha wanda ya kai wancan ba. Wataƙila ƙishirwar ce ta fi ta yanzu.

Azumin 2024 ne ya tuna mini da Iya, Allah Ya jiƙanta. Ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, zafin Kano ya haura digiri 40, wuta ba ta zuwa, ƙanƙara ta zama abin layi da tsada. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har ruwan leda. Wata rana ana gab da shan ruwa, wani mai tura kurar itace ya tsaya a ƙofar gidana ya ce, "Alhaji, a taimaka mini da ruwa in buɗe baki." Sai da na ratsa get, na ratsa tsakar gida, na shiga kicin, kafin in fito har an yi kiran salla. Ya karɓa ya yi godiya. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Mun gina katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, mun manta da zaure.

Washegari na sayo randa wajen masu tukwane a bakin titi. Da na miƙa kuɗin, har da wata tsohuwar takardar naira ashirin, wadda ke ɗauke da hoton Ladi Kwali tana gina tukunya a bayanta. Shekara nawa ina kashe wannan takarda, sai ranar na kalle ta da kyau.

Maiɗakina ba ta so ba da farko, kuma tana da gaskiya. Ta ce, "Baban yara, damina na tafe, ka san yadda amai da gudawa ke yi. Kowa ya zo ya tsoma hannu?" Muka daidaita a kan moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, da kofuna biyu na sha, da murfi, kuma a wanke randar duk bayan kwana biyu. Ita ce ma ta jiƙa ta kwana guda don ƙasar ta sha ruwa, ta turara ta, ta sa aka zubo yashi aka kafa ta a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Ta ce in riƙa yayyafa wa yashin ruwa. Ashe sanyin randa daga tsattsafowar da take yi ne: ruwan na ratsa jikin yumɓun, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa randar da aka shafe da fenti ba ta sanyi.

Makon farko kofi uku suka ɓace. Raina ya ɓaci, na samo igiya na ɗaure na huɗun. Kwana biyu ina wucewa ina ganin kofin nan a ɗaure kamar akuya, abin ya dame ni, na kwance. Maƙwabcina kuma ya tare ni bayan sallar asuba yana dariya: "Malam, kansila kake nema ne? Ka faɗa mana mu fara shiri." Na ce masa ko mai unguwa ba na nema.

Abin da ban zata ba shi ne yadda randar ta fita daga hannuna. Wata safiya na fito da niyyar cika ta, na same ta fal. Mai garuwar layinmu ne ya juye jarka guda, da na kawo kuɗi ya ce, "Haba Alhaji, kai kaɗai za ka kwashe ladan?" Wani mai keke Napep da ke tsayawa sha kullum da azahar bayan Salla, ya zo da kofunan silba guda biyu ya ajiye, bai ce wa kowa komai ba, yarana ne suka gan shi. Mai gadin gidan da ke kallonmu, wanda shekara huɗu ba mu wuce "sannu" da "yauwa" ba, yanzu na san daga wajen Maraɗi yake, na san yana da 'ya da za a aurar bayan kaka. Ni ma na samu benci na ajiye, na koma zama a waje tsakanin la'asar da magariba, wayar tana ɗaki.

Randar farko ba ta kai ƙarshen damina ba. Yaran layi na buga ƙwallo, wani ya ɗaɗa mata, ta tsage gida biyu. Duk suka watse, sai wanda ya buga ɗin ya tsaya yana rawar jiki, ɗan kimanin shekara tara. Na buɗe baki zan yi masa tas, sai na tuna sau nawa muka bar randar Iya a buɗe, sau nawa muka fasa mata moɗa. Na ce ya tattara sakainar, gobe ya raka ni mu sayo wata. Shi ya riƙo murfin a hanya. Yanzu shi ne mai tsaron randa, kuma ya fi ni tsanani.

Su ne na tambaya wata rana ko sun iya langa. Sunanta kawai suka sani, har da ɗana. Na tattare riga, na kama ƙafa, na yi tsalle bai fi shida ba gwiwata ta ce ba ta san zancen ba. Suka yi ta dariya, har maiɗakina na leƙowa ta get tana cewa, "Girma dai, Baban yara, girma!" Amma sun kama. Cikin mako guda sun raba ɓangare biyu, sun naɗa ruwa, suna gardamar wa ya saki ƙafa.

Jiya da yamma ina kan benci suka tashi daga wasan, fururu da ƙura, suka yo kan randa suna ture juna. Suka sha, suka watsar da kofuna, suka ruga. Ban san sanda na ɗaga murya ba: "Kai! Ku dawo ku rufe mini randa!"