Leƙa maƙala a Zotero ba tare da an buɗe ta ba

Wanda ya tara maƙaloli ɗari uku a Zotero, manhajar adana maƙaloli da madogarar nazari, ya san wahalar buɗe su ɗaya bayan ɗaya don neman guda. Tun fitowar Zotero 7 a 2024 abin ya yi sauƙi. Danna maƙalar sau ɗaya, ka dubi ɓangaren dama: shafin farko na PDF ɗin zai bayyana a sashen fayilolin da ke maƙale da ita, har kana iya juya shafuka a nan. Sai ka tabbata ita ce sannan ka danna sau biyu.

Wani lokaci wurin yakan tsaya fayau. Galibi fayil ɗin ne bai sauko kwamfutar ba, ko dai an saita manhajar ta sauke fayil sai an buƙace shi, ko kuma megabait 300 na ajiyar kyauta da Zotero ke bayarwa a intanet sun cika, fayil ɗin ya maƙale a kwamfutar da aka fara saka shi.

Inda aka fi shan wuya shi ne neman kalma a cikin maƙalolin. Idan hoton takardar aka ɗauka da sikana, ido na ganin rubutu amma manhajar hoto kawai take gani, sai an bi ta da OCR, wato fasahar da ke mayar da hoton rubutu ya zama rubutun da kwamfuta ke iya karantawa. Kuma a saitin asali shafi 100 na farko kaɗai take tattara kalmominsu, don haka babin ƙarshe na kundin digiri ba zai fito ba. A ganina wannan lambar ya kamata a fara ƙarawa.

Ka manta jakar da ka ajiye maƙala? Zaɓe ta, ka riƙe Ctrl a Windows ko Option a Mac, jakunkunan da take ciki za su haskaka.