Fitilar matakala da ruwan tanki: aikinmu a benayen haya

Sana'ata haɗa wuta ce. Da wayarin gidaje na fara, daga baya na koma harkar sola, yanzu ina da ɗan kamfani a Kano da yaran da muke aiki tare. Yawancin aikinmu a benayen haya ne, masu hawa biyu ko uku irin na Nasarawa, Hotoro, Badawa da Zoo Road, wani lokacin kuma a kira mu Kaduna ko Abuja. Ba mu cika shiga ɗakunan mutane ba, don kowane ɗan haya ya san dabarar da yake yi wa fulat ɗinsa. Abin da ke kai mu shi ne wutar da kowa ke amfani da ita amma ba ta da mai ita: fitilun matakala, na tsakar gida da na katanga, kyamarorin tsaro, ɗakin maigadi, da uwa uba samon da ke tura ruwa tanki.

Kafin 2023 ba a cika tambayarmu wanne ya fi tsakanin sola da janareta ba. Mai gida zai sayi inji ya ajiye, 'yan haya su riƙa haɗa kuɗin mai, shi ke nan. Dizal ne ya fara tashi a 2022. Sai aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta mayar da yunit ɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ce su suka fi samun wuta, naira 225. Tun daga nan duk Alhajin da ya kira ni, maganarsa ɗaya ce: "Injiniya, sola zan saka ko sabon inji zan saya?"

Ba na amsa wannan a waya. Sai na je gidan da biro da takarda na ƙirga kaya, kuma wanda nake fara zama da shi maigadi ne, domin shi ya san gaskiyar gidan. "Baba, ƙarfe nawa kake kunna samo? Awa nawa yake yi kafin tanki ya cika? Waɗanne ƙwayaye ne ke kwana a kunne?" Amsoshinsa sun fi na mai gida da na ejan amfani a wurina.

Ɗauki bene mai fulat 12. Ƙwan fitila 30 na zamani masu cin wat 10 kowanne, wat 300 ke nan. In sun kwana awa 12 sun ci yunit 3.6. Kyamarori da na'urar da ke naɗar hotonsu ba za su wuce yunit 2 ba a yini da kwana. Fankar maigadi, rediyonsa da cajin waya, a ce yunit 1. Duka-duka ba su kai yunit 7 ba. Amma sai ka tarar an ajiye wa wannan ɗan kaya injin dizal mai ƙarfin kVA 20 yana ruri har asuba. Irin wannan inji, ko kusan ba ya ɗauke da komai, zai sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace awa. Wato ana ƙona lita 15 zuwa 20 a dare guda don kunna abin da bai kai rabin cin dutsen guga ba. Kuma injin kansa cutuwa yake. Injin dizal ba ya son zama da nauyin da bai kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba: ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone man duka, sai ka ga baƙin mai yana tsatsafowa ta salansa, hayaƙi ya yi kauri, a yi ta kiran makanike. Ga juye da canjin filta duk bayan kamar awa 250. A kan fitilu da kyamarori dai ni ban ga abin gardama ba, aikin sola ne.

Ruwa shi ne inda maganar take da nauyi, kuma a nan ne na fi ganin ana ɓarnar kuɗi. Samo mai doki ɗaya da rabi yana cin sama da kilowat ɗaya, a lokacin tashi kuma yakan fizgi ninki uku zuwa biyar ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. In aka bar maigadi ya ci gaba da kunna shi bayan sallar isha kamar yadda ya saba a zamanin inji, to batir ne zai ɗauki wannan nauyi, kuma batir shi ne abu mafi tsada da saurin mutuwa a duk kayan sola. Shi ya sa nake ce wa masu gidaje su bar tunanin tara wuta don tura ruwa, su tara ruwan kansa. Tanki ya fi batir araha nesa ba kusa ba, ba ya jin zafi, ba ya ƙarewa da caji. Mukan ƙara tanki ɗaya ko biyu a sama bayan an duba ƙarfin hasumiyar, mu sa agogon da zai tayar da samo tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na yamma lokacin da rana ke tsaka, mu sa masa fulot da zai kashe shi da zarar tanki ya cika. In burtsatsen mai zurfi ne kuma gidan da jama'a, sai mu ware wa samon farantan solarsa da na'urarsa mai tayar da shi a hankali, ba ruwansa da batir kwata-kwata. Gidan da aka yi wa haka, ko sati aka yi babu wutar NEPA, matan gida ba za su san an ɗauke ba in dai ta fannin famfo ne.

Mun ga amfanin wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da matsalar babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da ta layin Ugwuaji zuwa Apir suka haɗu, yawancin Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. Benayen da ke tura ruwa da rana ba su rasa ruwa ba, har maƙwabta na layi da jarkoki a bakin get. Waɗanda suka dogara da inji kuwa, kuɗin man wata guda ya ƙare musu tun tafiya ba ta yi nisa ba, aka koma kiran 'yan garuwa suna hawa bene da ruwa.

Sai dai akwai abin da wasu 'yan sana'armu ba sa faɗa wa mai saye, kuma yana ɓata mana suna gaba ɗaya. Sola ba "saka ka manta" ba ce. Faranti mai kyau yakan zo da garantin shekara 25, amma batir ba haka yake ba. Batirin ruwa, wanda aka fi saya saboda sauƙin kuɗi, bai kamata a sauke cajinsa ƙasa da rabi ba, yana son a riƙa duba ruwansa, kuma zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. To ka tuna Kano a watan Afrilu, zafi ya haura 40, a kulle batura a ɗan ɗaki mai rufin kwano babu taga. Ba za su kai ko'ina ba. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure caji da sauka sau dubbai, ba ya neman ruwa, kuma ana iya cin mafi yawan abin da ke cikinsa. A gidan haya, inda babu wanda zai tuna da ruwan batir, shi nake ba da shawara ko da za a rage wani abu a lissafi. Haka faranti da waya. Akwai na ƙwarai a kasuwa, akwai kuma wanda aka manna wa takardar wat 550 alhali bai kai ba, akwai waya mai siririn jan ƙarfe da kaurin roba. Araha ba ta ado. Ni da mita nake zuwa sayen faranti, a fito da shi rana in auna a gaban mai shago.

Ga kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na kwanciya a kan faranti har ka rubuta sunanka da yatsa, hazo kuma ya rage hasken da ke isowa. Sai an riƙa wankewa da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi. A watan Agusta ma akan jera kwanaki ana lumshi. Saboda haka faranti mai wat 550 ba na ƙirga masa fiye da yunit biyu da ɗoriya a yini, ko da yake ranarmu ta nan tana daga cikin mafi ƙarfi a ƙasar. Benen can mai fulat 12, in an haɗa da samo, faranti takwas nake sa masa, da batir mai ɗaukar yunit 10, da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, mai kVA 5. Dole kuma a binne sandar atin mai kai wuta ƙasa, a sa abin kare tsawa, don damina ɗaya na iya tafiya da inbata.

Matsalar da ta fi ci min rai ba ta kayan aiki ba ce. A wani gida an yi ta kira cewa inbata na kuka da tsakar dare, fitilu na mutuwa kafin asuba. Muka bi layi ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata farar waya siririya an jona ta a bayan ƙwan matakalar hawa na biyu, an bi da ita gefen bango an shafe da fenti, ta shige ƙarƙashin ƙofar wani fulat. Firji ne a ƙarshenta. Na yi sallama, matar gidan ta fito, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan wutar ta kowa ce, in firjin nan ya kwana a kai, yaran hawa na uku a duhu za su sauko sallar asuba." Ba ta yi musu ba, ta ce nama take gudun ya lalace. Na fahimce ta sarai, amma haka ake kashe batirin jama'a. Tun wajen wayari ake toshe wannan ƙofa: layin gama-gari a ware shi daban cikin bututu, kada a bar soket ko ɗaya a matakala, kowane reshe a sa masa ƙaramar bireka da za ta faɗi da zarar an ɗora mata abin da ya fi ƙarfin fitilu, ɗakin batir kuma a sa masa kwaɗo.

Duk da haka ba na cewa kowa ya sayar da injinsa. Benen da ke da lif, kamar dogayen gine-ginen Abuja, ko manyan injinan tura ruwa masu layi uku, yana buƙatar janareta, don batirin da zai ɗauke su kuɗinsa ya wuce hankali. Lif kuma a tabbatar yana da na'urar da ke kai shi hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa in wuta ta yanke. Ko a ƙaramin gida, ɗan inji madaidaici da za a tayar awa biyu ko uku a ranar lumshi ya cika batir abu ne mai kyau, kuma a lokacin yana aiki da nauyin da ya dace da shi. Sharaɗina ɗaya ne, ba na sassautawa: ba a ajiye inji a ƙarƙashin matakala ko a lungun da tagogi ke buɗewa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, matakala kuma jan ta take yi sama. An sha rasa iyali guda cikin barci a ƙasar nan ta wannan hanya.

Daga nan sai maganar wa zai biya, wadda a kanta aiki da yawa ke tsayawa. Kuɗin inji kaɗan-kaɗan ake fitar da shi kuma daga aljihun 'yan haya, shi ya sa ba a rabuwa da rigima: na ƙasa ya ce shi ba ya hawa matakala, wani ya ce ya yi tafiya wata guda, a zargi maigadi da zuƙe mai ko da bai taɓa ba. Kuɗin sola kuwa a dunƙule yake, kuma mai gidan da sau da yawa ba ya kwana a gidan ake so ya fitar. Ɗan hayan da zai tashi baɗi ba zai zuba kuɗi a rufin wani ba, kuma yana da gaskiya. Abin da na ga yana tafiya shi ne mai gida ya saka kayan da kuɗinsa, 'yan haya su ci gaba da biyan kuɗin wata wanda bai kai na mai ba, a raba shi biyu a rubuce: kashi ɗaya na mayar wa mai gida jarinsa, ɗaya kuma a asusun da ba a taɓawa sai ranar canjin batir ko gyaran inbata. A cikin takardar nake sa a rubuta sunan wanda zai riƙa wanke faranti da abin da za a ba shi, galibi maigadi ne, mu kuma mu koya masa karanta fuskar inbata da abin da zai yi in ta nuna ja. Mai gidan da ya ƙi ware layi ko ya ƙi buɗe asusun batir, nakan ba shi haƙuri in ce ya bar aikin tukuna har ya shirya.