Girman gurbi ne ke yanke hukunci a ƙwaƙwalwar sama ta DOS

Mai tayar da tsohuwar kwamfuta 386 ko 486 da MS-DOS yakan duba MEM /C, umarnin da ke nuna yadda aka raba ƙwaƙwalwa, ya ga KB 90 a sake a ƙwaƙwalwar sama (yankin da ke sama da KB 640), amma direban linzami (manhajar da ke sarrafa mouse) ya sauka cikin KB 640 na ƙasa. Dalili shi ne wannan 90 ɗin ba dunƙule take ba.

Tsakanin KB 640 da MB 1 akwai KB 384, yawancinsu da masu su. Adireshin ƙwaƙwalwa daga A000 zuwa AFFF na hoton VGA ne, B800 na rubutu mai launi, C000 zuwa C7FF na BIOS ɗin katin hoto, F000 zuwa sama na BIOS ɗin injin. Abin da ke saura, galibi C800 zuwa EFFF, KB 160 ne. Katin SCSI da ya zauna a DC00 sai ya raba shi biyu. Idan ka rubuta RAM a layin EMM386, direban da ke buɗe waɗannan guraben, tagar EMS (wadda wasu manhajoji ke bi su kai ga ƙarin ƙwaƙwalwa) ta cinye KB 64. Rubuta NOEMS a madadinsa ke maido ta, muddin babu manhajar da ke neman EMS.

A CONFIG.SYS, fayil ɗin saiti da DOS ke karantawa wajen tashi, layin HIMEM.SYS ne farko, sannan EMM386.EXE, da DOS=HIGH,UMB.

Inda aka fi tuntuɓe: yawancin direbobi suna neman wuri mai faɗi lokacin lodi, sannan su tsuke. DOS yana kai shiri gurbi mafi girma, in bai shige ba ya sauke shi ƙasa shiru, ba gargaɗi. Saboda haka mai babban buƙatar lodi shi ke fara hawa, ƙanana su cike guraben da suka rage. MEM /F zai nuna girman kowane yanki, sai ka tura ƙaramin shiri inda ya dace da umarni irin LH /L:2, wato loda shi a yanki na biyu. MemMaker, manhajar saita ƙwaƙwalwa ta MS-DOS 6.0 na 1993, yana lissafa waɗannan lambobi amma ba ya sauya jerin layukan lodi. Wannan aikin hannunka ne, kuma a ganina nan ribar take.

Akwai KB 32 na allon mono da I=B000-B7FF a layin EMM386 ke buɗewa, sai dai Windows 3.1 na son direban MONOUMB.386 a fayil ɗin saitinsa, SYSTEM.INI. Kati mai ƙwaƙwalwarsa kuwa, kamar wasu katunan sadarwa, ka killace adireshinsa da X=, in ba haka ba injin ya daskare. Idan ya daskare tun wajen tashi, danna F8 ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.