Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Rabin Kofin Koko

A makon jiya na tsaya a inda likita ya ce maƙoƙon wuyana ya fara danne mini numfashi, sai an cire shi. Shekarar 2019 ke nan, ina ɗinki a ɗan shagona na Rafindaɗi. Aikin wuya ba a yin sa da allurar baya, galibi sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Wallahi barcin nan ya fi wuƙar ba ni tsoro, don duk wadda ta zo dubiya sai ta kawo labarin wance da ba ta farka ba.

Ana gobe aiki likitan sa barci ya zo bakin gadona. Ya tambayi hawan jini, ciwon suga, asma da sikila, ya duba ko ina da haƙori mai girgiɗi. Ya tambaya ko a danginmu allurar barci ta taɓa ba wani matsala, don akwai irin wadda ake gado. Da ya zo kan jiƙe-jiƙe na sunkuyar da kai, na ce ina shan wani sassaƙe. Bai yi faɗa ba, rubutawa kawai ya yi.

"Hajiya, ƙarfe 8 za mu shiga. Daga 2 na dare babu abinci. Ruwa zalla kina iya kurɓa zuwa 6. Koko da fura da madara duk abinci ne."

Da asuba sai ga Inna daga Ƙofar Marusa, riƙe da fulas.

"Haba ɗiyata, a yanka ki ciki wayam? Kurɓi kaɗan, koko ai ruwa ne."

Na ji abin da likita ya ce sarai, amma na sha rabin kofi. Laifina ne, ba na Inna ba.

A bakin ɗakin tiyata nas ta tambaye ni yaushe rabona da abinci. Ƙarya ta zo har bakina, don mijina ya riga ya biya kuɗi, 'yan uwa sun cika baranda. Allah ya taimake ni na faɗi gaskiya. Nan take aka ɗaga aikin zuwa bayan azahar. Likitan ya kira Inna, ya yi mata bayani cikin ladabi: idan maganin ya kama mutum, tari da haɗiya duk tsayawa suke yi, abin da ke ciki yana iya tasowa ya gangara huhu, ruwan ciki kuwa mai tsami ne, ƙona huhu yake yi. Inna ta riƙe baki tana salati, hawaye na zuba.

Da lokaci ya yi aka maƙala mini wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar jini, aka ɗaura na awon jini a dantse, aka kifa mini robar iska a fuska. Wani farin magani kamar madara ya bi ta allurar hannuna da ɗan raɗaɗi. Ina cikin kalmar shahada, shi ke nan.

Sai ji na yi ana cewa, "Hajiya, buɗe ido, an gama." Na ɗauka ba a ma fara ba. Sanyi ya kama ni ina karkarwa, sai da aka lulluɓe ni da bargo biyu. Maƙogwaro yana zafi saboda bututun numfashin da aka zura mini ina barci. Na yi amai sau biyu kafin a yi mini allura ya lafa. Aka ce sai na yi awa 24 kafin in sa hannu a wata takarda ko in yanke wata shawara. Wata dattijuwa a gadon kusa da ni kwana biyu tana kiran nas da sunan jikarta, ashe tsofaffi sun fi saurin rikicewa bayan wannan barci.

Daga baya na ji cewa tun daga farko har ƙarshe likitan sa barcin yana tsaye a kaina, yana lura da numfashina da bugun zuciyata. Ban ko san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Washegari aka ce in fara shan abu mai ruwa. Inna ta buɗe fulas, ta tsaya, ta tafi ta tambayi nas tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muryata ta dushe bayan an sallamo ni.